Ni Ce Na Ce Tana Gani

Edita, lokacin da abin nan ya faru shekarata ashirin da shida, ban yi aure ba, kuma a ganina duk danginmu babu wanda ya kai ni wayewa. Ni 'yar Ushafa ce, 'yar ƙabilar Gbagyi. Mahaifina ya rasu tun ina firamare, mahaifiyata ce ta yi ta ginin tukwane tana ɗauka a kafaɗa irin na matanmu zuwa kasuwar Bwari, har na gama sakandare na koyi buga tafireta. Da gwamnati ta kwaso komatsanta daga Legas ta dawo Abuja, sai na samu aiki a wata ma'aikata, aka ba ni ɗaki ɗaya a gidajen ma'aikata da ke Garki. Ba zan kama sunan kowa ba a wasiƙar nan, domin in laifi ake nema, mafi girmansa a kaina yake.

Wanda ya san Abuja ta yau ba zai gane irin kaɗaicin Abuja ta lokacin ba. Ranar Juma'a da azahar ogoginmu sun kama hanyar Legas ko Kaduna wurin iyalansu, sai gari ya zama wayam, ga tituna faɗi-faɗi babu mai bi. A ofis kowa da yarensa da mutanensa. Da suka ji ni 'yar ƙasa ce sai suka riƙa tsokanata in kawo musu doya, ni kuma abin ya riƙa ci min rai, har na koma cewa a Kaduna na girma. Ushafa ba nisa gare ta ba, amma sai in yi wata biyu ban leƙa ba, wai kada in dawo kayana suna warin hayaƙin gasa tukwane. Haka nake kwana biyu cur a ɗaki ni da rediyo, ina jin haushin kowa, ga shi kuma babu wanda ya yi min komai.

Wadda muke gida ɗaya da ita, wata ma'aikaciya da aka dawo da ita daga Legas, ita ta fara jana zuwa cocinsu. A ajin wata makarantar firamare suke taruwa, daga baya suka kafa rumfa. Ranar farko mutane suka rungume ni suna ce min Sista, da na yi fashin Lahadi ɗaya kuwa har mutum uku suka zo duba ni. Tunda na zo Garki ba a taɓa tambayar ina na shiga ba, don haka na ba su zuciyata gaba ɗaya ban rage komai ba. Faston ɗan kudu ne, shi ma ƙaurar ce ta kawo shi, yana son jawo leburori da masu dako daga Dei-Dei da mutanen ƙauyukanmu, amma ko sannu bai iya da Hausa ba. Da ya gano ina jin Turanci da Hausa da Gbagyi, sai ya naɗa ni tafinta. Ba yabon kai ba, na iya aikin. In ya ɗaga murya in ɗaga, in ya yi tsalle in yi, kafin ya rufe baki na juya maganar. Yarinyar da ake aike sayo gyaɗa a ofis, ga ta a gaban jama'a da makirfo a hannu.

Wa'azinsa kusan kullum guda ne: Kiristan da bai ga al'ajabi a rayuwarsa ba bai fara bi ba tukuna. Yakan ce tsofaffin majami'un iyayenmu sun mutu, waƙa kawai suke yi suna jiran kabari, kuma mai shan magani yana gaya wa Allah ne cewa bai isa ba. A gefen bagade, wurin da yake tsayawa wa'azi, akwai wani babban kwando da waɗanda suka ba da shaidar warkewa suke jefa sanduna da tabarau da kwalaben magani. Duk wannan ta bakina yake bi kafin ya isa kunnen rabin jama'ar. Abin da mutum ya faɗa da ƙarfi sau ɗari, ko bai yarda da shi ba da farko, sai ya zauna masa.

Mahaifiyata kuwa irin Kiristan da yake zagi ce sak. Tsohuwar 'yar Zumuntar Mata ce a majami'armu ta ƙauye, kuma ita ke gina tulunan da matan suke kaɗawa in suna waƙa. Ba ta iya karatu ba, amma waƙoƙin sujada na Hausa duk suna kanta. Shekara guda kafin abin nan ya faru idonta ya fara ragewa ta gefe-gefe, tana tuntuɓe da abin da ke kusa da ƙafarta. Ni da kaina na kai ta asibitin ido a Kaduna, likita ya ce hawan jinin ido ne. Ya yi mana bayani dalla-dalla cewa abin da ya tafi ya tafi, amma sauran ganin da ya rage za a iya riƙe shi muddin tana ɗiga magani safe da yamma, tana kuma dawowa duk wata uku. Takardar maganin a hannuna take, ni nake sayowa a Garki in aika mata, domin ba a samunsa a wajenmu. Idon hagu ya kusa ƙarewa, na dama tana ganin abin da ke gabanta sosai, kuma da shi take aikinta.

Sai aka shirya babban taron warkarwa na kwana uku a wani fili. Abokiyar zamana ta tambaye ni, da dariya-dariya, yaya za a yi tafintar fasto guda a ce uwarta tana rayuwa a kan kwalbar magani. Maganar ta soke ni. Na tafi Ushafa na ce wa Mama ta shirya ta zo Garki. Ban taɓa gayyatarta ɗakina ba sai ranar, saboda haka murna ta hana ta tambayar dalili. Ta ɗaura zanen Zumunta, ta gina min sabuwar randa 'yar madaidaiciya ta riƙo a cinya cikin mota, wai ruwan famfo ba ya sanyi. Har yau in na tuna yadda ta riƙa shafa bangon ɗakina tana sa min albarka, sai in ji kamar in buga kaina da shi.

Ranar ƙarshe ta taron, da la'asar sakaliya, na jawo hannunta muka hau dandamali. Fasto ya ɗora manyan yatsunsa a kan idanunta, ya yi ta tsawata wa makanta, jama'a suna amsawa, gumi yana zuba. Da ya gama ya ja da baya ya ce in tambaye ta me take gani. Na sunkuya na tambaye ta da Gbagyi. Ta ɗan ƙifta ido, ta duba hagu ta duba dama, ta ce min a hankali yadda ta zo haka take, babu abin da ya ƙaru, amma in yi wa bawan Allah godiya saboda addu'a. Ni kaɗai na ji. Filin ya yi tsit, masu ganga sun ɗaga sanduna suna jira, fasto yana kallona, abokiyar zamana tana sahun gaba ta haɗa hannu a ƙirji. Na ɗaga makirfo na ce da Turanci wai ta ce idonta ya buɗe. Kuma da yake aikina ne, na maimaita da Hausa, Hausar da Mama take ji sarai: “Ta ce tana gani garau.”

Wurin ya kaure da ihu da kiɗa. Mama ta juyo da kanta gaba ɗaya, yadda take yi in tana son ganin abu da idon nan na dama, ta dube ni. Fasto ya tambayi ina maganin, ni da hannuna na kwance bakin zaninta na ciro 'yar kwalbar, wadda ba ta fi babban yatsa ba, na jefa cikin kwandon. Aka ɗaga hannun Mama sama, aka yi ta rawa ana zagaya mu.

Da safe tana shirin komawa ta tambaye ni ko zan sayo mata wani. Na zauna na yi mata wa'azi, ni da ta goya. Na ce warkarwar ta riga ta sauka, bayyana ce ta rage, in ta koma ga magani ta kore ta da hannunta. Ta saurare ni har na gama, ta ce to. Gaskiyar magana, rabin zuciyata ta yarda da abin da nake faɗa, ina ganin in muka daure Allah zai cika abin da na riga na sanar. Ɗaya rabin kuwa tsoro ne zalla, kada wani ɗan coci ya gan ni a kantin magani. Ranar komawa Kaduna ta zo ta wuce, ta biyu ma ta wuce. Sau ɗaya Mama ta aiko ƙanwarta ta ce idon yana mata nauyi da ciwon kai, ni kuma na aika mata da man zaitun da fasto ya yi wa addu'a. A tsakanin nan kusan kowace Lahadi sai an sa ni na sake ba da shaidar, ina ƙara mata gishiri, ana tafi.

Wajen wata takwas bayan taron aka aiko min cewa Mama ta taka garwashi a wurin gasa tukwane ta ƙone a ƙafa, domin ba ta ga wutar ba. Na kwashe ta sai Kaduna. Likita ya haska idon dama, ya sake haskawa, ya ajiye fitilar, ya tambayi wanda ya ce a daina maganin. Kafin in buɗe baki Mama ta ce ƙarewa ya yi, ita ce ba ta faɗa da wuri ba. Ya girgiza kai ya ce jijiyar ta riga ta mutu, babu sauran abin da za a ceto. A mota muna dawowa ta yi ta yi min hirar tsadar itace har muka iso.

Na je wurin fasto ina kuka na gaya masa komai, har da ƙaryar. Ya ce in rufe bakina kada in zama sanadin tuntuɓen raunana, ya ce warkarwar gaskiya ce, tsohuwar ce ta zubar da ita da shakka, wataƙila ma cikin tukwanen da take ginawa akwai masu zuwa ɗakin tsafi. Nan raina ya ɓaci na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta ba. Lahadi mai zuwa akwai sabon tafinta a wurina. Waɗanda suke ce min Sista suka koma tsallaka titi in sun hango ni, abokiyar zamana ta raba tukunya da ni, daga baya ta nemi canjin gida. Duk da haka ba zan ɗora masa kayan duka ba. Mutumin nan ba ya jin Gbagyi. Tambaya ya yi, ni na ba da amsa.

Daga nan bangaskiyata ta zube. Lissafina mai sauƙi ne a lokacin: an koya min cewa al'ajabi shi ne shaidar Allah yana nan, kuma al'ajabi mafi girma da na taɓa gani da idona ni na ƙera shi da bakina. To sauran sandunan da ke cikin kwandon fa? Al'ajiban da ake karanta mana na zamanin da fa? Na daina addu'a ko ta cin abinci. Ushafa kuma na kasa zuwa, domin ba zan iya tsayawa gaban idanun nan ba. Sai in sayi shinkafa da sabulu in ba direban motar Bwari ya kai, in ce a gaya mata aiki ya yi yawa. Shekara ɗaya da wata biyar na yi a haka. Daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin ba na magana da ɗan Adam, har in na je gaida oga sai muryata ta fito a dushe. In ƙararrawar wata majami'a ta kaɗa sai in ƙara ƙarar rediyo. Randar da ta kawo min tana kusurwar ɗaki, ina shan ruwanta kullum, ban taɓa iya dubanta sosai ba.

Wata Lahadi da hantsi na fita neman burodi, hanya ta bi da ni ta bayan wata ƙaramar majami'a da ake sujada da Hausa. Matan Zumunta suna waƙa suna kaɗa tulu. Ban shiga ba, na tsaya jikin taga kamar ɓarauniya. Wannan sautin da shi na tashi, ina ƙarama ni nake riƙe wa Mama tulu in ta gama gasawa tana buga shi da tafin hannu ta ji ko muryarsa ta yi. Ban jira an gama waƙar ba, ban kuma koma ɗaki na sake kaya ba, na wuce tasha na shiga motar Bwari.

Ƙanwar Mama na fara tararwa a ƙofar gida tana tankaɗe. Ta dube ni sama da ƙasa, maimakon ta yi min yarenmu sai ta yi min Hausa irin wadda ake yi wa baƙo: “Sannu da zuwa, madam. Wa kake nema?” Na cancanci fiye da haka. Ta nuna min bayan gida da haɓa. Can na samu Mama ta dawo daga sujada ta sake zani, tana tsaye a kan wani tulu da ta fara jiya, tana zagaya shi da baya-baya yadda maginanmu suke yi, hannu ɗaya ciki ɗaya waje, fuskarta tana kallon sama. Ta rame. Ƙarar takalmina ta ji ta tsaya, ta kira ni da sunan da ita kaɗai take kirana da shi, sannan ta ce in miƙo mata ƙwaryar ruwa tunda na zo, yumɓun yana bushewa.

Na miƙa mata, na durƙusa a cikin laka da kayan jikina, na faɗi abin da ta riga ta sani. Na ce ni na makantar da ita. Ta bar ni na yi kukana har ya ishe ni, hannunta bai bar gyaran bakin tulun ba. Sannan ta ce ta ji abin da na faɗa a filin nan tun ranar, kuma ta yi niyyar ƙaryata ni, amma ta ji yadda muryata take rawa, ta san in ta buɗe baki mutanen nan za su cinye ni ɗanye. Ta ce ita ma da laifinta, da ta matsa a kan maganin, amma ta ɗauka mai ilimi ya fi ta sani. Ni kuma da ɗacin da ke raina na tambaye ta yadda har yanzu take ɗaura zanen Zumunta tana yi wa wanda ya ƙi warkar da ita waƙa.

Ta yi 'yar dariya ta ce ashe har yanzu ban daina wauta ba. Ta ce ita ta yarda Yesu ya buɗe idon makafi, ta kuma yarda ya tashi daga matattu, in ba don haka ba da ba ta binne mahaifina da 'ya'ya biyu da waƙa a bakinta ba. A kan kowannensu ta roƙa, ba a ba ta ba, kuma ba ta ga ranar da ya bar ta ita kaɗai ba. Sai ta lalubo kaina da hannunta mai laka ta ce, “'Yata, yana iyawa, bai yi ba, ni kuma tasa ce ko da ido ko babu. Ke ce kika ji tsoro zai ji kunya a gaban mutane, kika tashi ki taimake shi. Allah ba ya neman tafinta ta gyara masa magana.” Ta ce in don ido ne ta saba, hannunta ya san hanyar yumɓu. Abin da ta kasa sabawa da shi shi ne duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai ta kasa kunne, sai ta ji direba ne da buhun shinkafa.

Mama ta ƙara shekara shida a duniya, ba ta sake ganin ko hasken rana ba. Kowace Juma'a ina tashi daga aiki sai Ushafa, ni nake ja mata hannu zuwa sujada. Komawata ga bangaskiya a hankali ta zo, babu faɗuwa ƙasa babu ihu, kuma har yau akwai tambayoyin da ban samu amsarsu ba. Ban ce al'ajabi ƙarya ne ba, ban isa in faɗi haka ba. Abin da na gane shi ne na ɗora bangaskiyata a kan abin da nake so Allah ya yi min a ranar da na zaɓa, a gaban mutanen da nake son su yaba ni, shi ya sa da bai yi ba komai ya rushe. Tsohuwar da muke ce wa cocinta ya mutu, ita da aka hana ta abin da ta roƙa sau huɗu, tata ko gezau ba ta yi ba.

Don haka ina roƙon masu karatu, musamman matasan da suka zo birni ba su da kowa, ku yi hattara da wurin da ya karɓe ku hannu bibbiyu sannan ya ce sai kun nuna al'ajabi za a san ku masu bi ne. Ku yi wa mara lafiyarku addu'a iyakar ƙarfinku, amma kada ku raba shi da maganinsa, kada kuma ku ba da shaidar abin da bai faru ba ko da filin duka yana jiranku. In kuwa kun riga kun yi ɓarna irin tawa, kada kunya ta sa ku ƙara masa da gudu, domin ni gudun da na yi ya fi ƙaryar yi mata ciwo.

Ana saura 'yan watanni ta rasu na tambaye ta abin da ta fi tunawa cikin abubuwan da ta gani kafin duhun ya rufe. Na zaci za ta ce dutsen garinmu ko fuskar mahaifina. Ta ce fuskata ce, ranar nan a kan dandamali da makirfo a hannu, domin ranar ce ta ƙarshe da ta ƙare min kallo sosai. Ta ce na yi kyau ƙwarai cikin farar rigar da na sa ranar, sai dai ba ta taɓa ganin yaro a tsorace haka ba.